Yini Ɗaya a Kano da Iyali: Inda Za a Je, Abin da Za a Ci, da Yadda Za a Dawo Wudil Ba a Ɓata Ba

Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu.

Yau da tambaya zan fara, kuma don Allah kowa ya ba wa kansa amsa tsakani da Allah. Sau nawa ka shiga Kano a bana? Wani zai ce sau goma, wani ma ba zai iya ƙirgawa ba. To a cikin shigar nan duka, sau nawa ka je don kawai ka ga gari? Yawancinmu mutanen Wudil, Kano wurin uzuri ce. Ko dai an kai mara lafiya asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko an je Kwari saro atamfa, ko Singa saro kayan shago, ko gaisuwar mutuwa, ko ɗaurin aure. A shiga a guje, a fito a guje. Tafiyar da ba ta wuce kilomita arba'in da 'yan kai ba, amma akwai yaron da aka haifa a garin nan, ya gama sakandare, ya san dogon benen Dubai a waya, bai taɓa taka Dutsen Dala ba.

Ni kaina abin bai dame ni ba sai ranar da ɗan yayana, ɗan aji biyar a firamare, ya dawo da aikin gida a kan ganuwar Kano, ya tambaye ni wai a wace ƙasa take. Dariya na fara yi, daga baya kunya ta kama ni, don ba laifinsa ba ne. An kai shi Kano ya fi a ƙirga, amma abin da ya sani shi ne bencin asibiti da cikin mota. Wannan ne ya sa muka haɗa tafiya da Hajiyarmu, da Yaya da matarsa, da yara huɗu. Tafiyar farko ba ta yi daɗi ba, ta biyu ce ta yi. Abin da na koya tsakanin biyun shi zan baje muku yau.

Abu na farko, kuma shi ne ya kashe mana tafiyar farko: saƙo. Da zarar maƙwabta sun ji za a shiga Kano, shi ke nan. Wannan ta ce a biya Kwari a karɓo mata mayafi, wancan ya ce a miƙa wa ɗansa kuɗi a Kabuga, Hajiya kuma ta tuna akwai 'yar ƙanwarta da ta haihu a Rijiyar Lemo ba a je barka ba. Kafin mu gama waɗannan azahar ta yi, yara sun galabaita, ba mu ga komai ba sai bayan motoci. Don haka ranar yawon buɗe ido ranar yawon buɗe ido ce. Wanda ya kawo saƙo a ba shi haƙuri, a ce wani satin. Za a ji haushi na yini ɗaya, ya wuce.

Sai zaɓen rana. Juma'a dai ku cire ta, kun fi ni sanin dalili: ranar kasuwarmu ce, tirelolin shanu kaɗai sun isa su cinye muku safiya kafin ku haye gada, sannan cikin birni ma ana rufe hanyoyi lokacin masallaci. Asabar ta fi, amma ban da Asabar ɗin ƙarshen wata, saboda tsaftar muhalli da ake hana zirga-zirga da safe har zuwa ƙarfe goma. Wanda ya manta da wannan zai yi zaman jira a hanya da yara cikin mota. Kuma ko wace rana kuka tsayar, a tambayi wani na birni kwana ɗaya kafin nan ko gidajen tarihin za su buɗe.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana taɓa digiri 40, hawa dutse da tsohuwa da ƙananan yara a wannan yanayin neman magana ne. A tsakiyar hunturu kuma ba zafi, amma hazo zai rufe muku gari, ku hau Dala ku ga fari fat. Ni a ganina bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, shi ne daidai: sama ta wanku, gari ya yi shar. Na san da yawa za su ce ai sai da Sallah. Gaskiya ne hawan Sallar Kano abin kallo ne, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan, kuma ko an yi, turmutsitsin ranar ba na mai riƙe da yara huɗu ba ne. Ku fara da ranar da gari yake a natse.

Maganar mota a taƙaice. Idan da motar gida, a duba takardu da taya, a kuma kiyaye inda ake ajiye ta, don 'yan KAROTA ba su san baƙo ba. Idan ta haya ce, ku fito bayan asuba ku bi ta Garin Dau, Gano, Mariri, ku shiga ta Hotoro kafin cunkoso ya taso. A cikin gari kuma kada ku dogara da tsare Adaidaita Sahu a kowace kwana. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, saboda haka Adaidaita ita ce abin hawa, kuma mutum takwas ba sa shiga guda ɗaya. Mu abin da muka yi, shatar guda biyu muka ɗauka, muka yi ciniki na yini tun da safe, aka faɗi wuraren da za a je ɗaya bayan ɗaya kafin a hau. Lungunan cikin birni ma sun fi dacewa da ita a kan mota.

To ina za a fara? Dala, kuma da sassafe. Dalili biyu ne. Na farko hawa ne, akwai matakala amma tana cin gwiwa, gara a yi ta kafin rana ta ɗaga. Na biyu, duk abin da za ku gani a sauran yinin, daga saman Dala za ku fara hango shi. Ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da koren ƙubbarsa, ga rufin gidajen cikin birni sun haɗe kamar tabarma. Yaro idan ya ga gari daga sama, sai taswira ta zauna masa a ka.

A nan ne ya kamata babba ya yi ɗan bayani, ba dogon wa'azi ba. Masu binciken ƙasa sun samu alamun narka tama a gindin dutsen nan tun wajen ƙarni na 7, wato maƙera ne suka fara raya wurin. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe da abin bautarsu Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Littafin ya nuna a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci ya shiga fada. Kun ga ke nan a tsaye a wuri ɗaya yaro ya ji inda aka fito da inda aka zo. Hajiyarmu ba ta hau ba, ta ce gwiwarta ba ta sayarwa ba ce. Muka samar mata inuwa a ƙasa, kafin mu sauko har ta yi ƙawa da wata mai sayar da gyaɗa, ta ji labarin Takutaha, ranar da mutanen birni suke cika dutsen mako guda bayan Mauludi. Wannan ma darasi ne: ba dole kowa ya yi komai ba. Sai dai a riƙe hannun ƙanana a sama, kuma kada a ɗauki hoton cikin gidajen mutane, don daga can ana hango tsakar gida.

Da an sauko, yunwa ta fara magana, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, don wallahi tafiyar iyali a ciki take lalacewa. Ba a faɗa a kan tarihi, a kan abinci ake yi. Yaro mai jin yunwa ba ya ganin gidan tarihi, uba mai lissafin kuɗi a zuci ba ya jin daɗin loma. Dabarar ita ce a raba cin yinin gida uku: ƙaramin ci da hantsi, babban ci guda ɗaya bayan azahar, sai abin taɓawa da yamma wanda za a iya tahowa da shi gida.

Na hantsi, tunda kuna cikin birni, gurasa ce. Na san ana sayar da gurasa a Wudil, amma cin ta a inda aka san ta daban ne, har unguwa guda ake kira Chediyar 'Yan Gurasa. Abinci ne da ake danganta zuwansa da Larabawan da suka zauna a Kano don fatauci ta hamada, kuma sunan ma daga Larabci yake, haka alkaki. Da fulawa ko alkama ake kwaɓa ta da yis, a manna a jikin tanderu mai zafi ta gasu. Bandashe kuwa shi ne a ɗan jiƙa ta, a barbaɗe ta da garin ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir. Tana da arha, tana riƙe ciki, kuma yara ba sa ƙin ta. Ku dai ce a rage wa na yara yaji tun kafin a haɗa. Wanda ba ya son gurasa ga waina da miya, ga ɗanwake. Ƙa'idata a abincin titi guda ɗaya ce: abin da aka sauke daga wuta a gabanka, a wurin da mutanen unguwa suke layi. Ɗanyen ganye da aka yanka tun safe yana jiran ƙuda, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo, a haƙura da shi. Ruwan sha kuma ku taho da naku a kula daga gida, ya fi sayen na leda a kowace tsayawa.

Daga nan sai Gidan Makama, kusa da Ƙofar Kudu ta gidan sarki. Duk Bawudile ya kamata ya shiga gidan nan da ɗan ƙarin alfahari, kuma ga dalili. Sarautar Makama tun bayan jihadi a hannun Fulani Jobawa take, Makama yana cikin masu zaɓen sarkin Kano tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma an daɗe Makaman Kano shi ne hakimin Wudil. Wato sunan da ke jikin gidan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ginin ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan sarki na yanzu da har gobe ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Maghili ya zo Kano. Bayan Turawa sun ci garin a Fabrairun 1903 sun yi amfani da gidan, daga baya ya zama gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a ciki ba kayan da aka jera ba ne, ginin ne kansa. Ku shiga da rana tsaka ku ji sanyin da ke cikin soron ƙasa, ba fanka ba na'ura. Ku ɗaga kai ku ga bakan gizo da azara yadda magina suka ɗaure rufi ba ƙarfe ba siminti. Ɗan yayan nan nawa ya tsaya gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari ya kasa tafiya, yana tambaya mutum nawa ne suke tura su. A nan ya gane ganuwa ba a wata ƙasa take ba. Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Abin takaicin, yau idan kuna zagayawa ta Ƙofar Na'isa zuwa Ɗan Agundi ko Gadon Ƙaya za ku ga wani wurin ta zama tudu, wani wurin an yi gini a kanta, wani wurin ma babu alamarta. Shi ya sa nake cewa kada a yi ta ɗaga tafiyar nan. Abin da yaro zai gani bana, ba lallai ƙaninsa ya tarar da shi ba. Idan akwai mai zagayawa da baƙi a gidan, ku bi shi, ku bar yara su yi tambaya, a ƙarshe a ba shi na goro. Kuɗin da ya fi kowanne amfani a yinin ke nan.

Azahar a yi ta a babban masallacin da ke jikin gidan sarki, wanda aka sake ginawa a farkon shekarun 1950 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A nan ne kuma za a kai yara bayan gida, a wanke musu fuska, a huta. Mata su san inda za su tsaya, maza su san inda za a haɗu, a faɗa a fili kafin a rabu.

Kurmi fa? Zan faɗi ra'ayina ko da wasu ba za su so ba: idan da ƙananan yara, a bar ta sai wata tafiyar. Kasuwa ce mai daɗin gani, ga dukawa da jakunkuna da takalman fata, ga 'yan turare, ga masu littattafai, amma lungunanta matsattsu ne, kuma duk wanda ya shiga da mata da kuɗi a jaka ya san ba fitowa da wuri. Wuri uku a yini sun isa. Na huɗu gajiya ce kawai.

Idan kuna da sauran ƙarfi kafin abinci, marinar Ƙofar Mata ba ta cin lokaci, rabin awa ya isa. Tana daf da asibitin Murtala, wato da yawanmu mun wuce ta gabanta da kwanon abincin mara lafiya ba mu taɓa leƙawa ba. Ana lissafa kafuwarta daga 1498. Rijiyoyi ne a jere a ƙasa, a zuba ruwa da baba da toka da sauran haɗi, a bar shi kwanaki ya nuna. Abin da yara za su so shi ne wannan: idan aka tsoma ƙyalle aka ɗago, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagowa, yana tsomawa yana ɗagowa. Iskar ce take kama launin. A gefe kuma ga mabuga suna dukan yadi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Da irin wannan rinin Kano ta yi suna har cikin hamada wajen Buzaye, kuma Bature Barth da ya zo a 1851 ya yi rubutu mai yawa a kan cinikin tufafin garin. Yau rijiyoyi da yawa a bushe suke, yadin kanti mai arha ya kashe kasuwar. Ku sayi ko ɗan ƙaramin abu, ko a tambaya kafin a ɗauki hoto a kuma ba da wani abu. Mutanen nan sana'a suke, ba ado aka ajiye su ba.

Yanzu babban ci. A tafiyarmu ta farko, don a huce haushin yinin, Yaya ya ce a shiga wani gidan abinci mai sanyi da gilasai, ba zan faɗi suna ba. Muka zauna, aka miƙo takardar jerin abinci, kowane yaro ya nuna hoton da ya burge shi. Aka kawo, biyu suka ce ba sa so, ɗaya ya ci dankali kawai ya bar kazar. Da takardar kuɗi ta zo, Hajiya ta karɓa ta sa aka karanta mata, ta dubi Yaya ta ce, "Kai yanzu wannan kuɗin shinkafa kwano nawa ne a kasuwar Juma'a?" Daga nan har gadar Wudil ba wanda ya ƙara magana a mota.

Laifin ba na gidan abincin ba ne, namu ne da ba mu san yadda ake shiga ba. Ga abin da na gane. Kafin a zauna, babba ɗaya ya shiga ya duba farashi, ba abin kunya ba ne. Ya tambaya ko kuɗin da aka rubuta har da haraji, domin akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wasu wuraren kuma suna ƙara kuɗin hidima, sai a ƙarshe ka ga lissafi ya haura abin da ka tara a ka. Mutum ɗaya ne zai yi odar kowa, ba a sakar wa yara takarda. Yara biyu faranti ɗaya ya ishe su. Lemon kwalba da ruwan roba su ne suke kumbura kuɗi a ɓoye, a sa ido a kansu. Abin da ya rage a ce a juye a leda ko roba, haƙƙinku ne. Kuma a riƙe tsabar kuɗi ko da rabin lissafin ne, don tiransifa takan maƙale a daidai lokacin da mutum yake tsaye gaban mai karɓar kuɗi da iyalinsa a baya.

Sannan a san me aka je ci. Ni a ganina wauta ce Bawudile ya je Kano ya sayi kifi da tsada, alhali ga shi nan a bakin gada ana soya shi daga kogi. Haka fura da nono, ba abin da za a nuna mana. A ci abin da babu a gida. Kano gari ne da baƙi suka kawo wa girki iri-iri: Kwara, wato 'yan Lebanon da Siriya, sun fi shekara ɗari a garin, ta hanyar irinsu aka san su shawarma, Sabon Gari da ta taso bayan zuwan jirgin ƙasa wajen 1911 ta kawo girkin kudu, su sakwara da miyar agushi da amala. Ta wajen Zoo Road da Nasarawa da Bompai akwai gidajen abinci na kowane aljihu. Amma kada a tilasta wa tsofaffi. A tafiya ta biyu wurin da muka zaɓa yana da tuwon shinkafa da miyar taushe a gefe guda, yana da shawarma a ɗaya gefen. Hajiya ta ci tuwonta, yara suka ci abin da suke gani a waya, kowa ya tashi da fara'a. A tambaya kuma ko akwai ɓangaren iyali, don ba kowace mace ce take sakewa ta ci abinci a tsakiyar maza ba.

Yadda muka yi da kuɗi kuwa, ba zan ba ku adadi ba, tunda tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba. Kaso huɗu muka yi: na mota zuwa da dawowa, wanda aka ware a aljihu daban ba a taɓa shi ko me za a yi, na abinci, na tikiti da na goro, sai na ko-ta-kwana. Kowane yaro kuma aka damƙa masa ɗan abin da zai kashe da kansa, aka ce idan ya ƙare ya ƙare. Wannan kaɗai ya kashe rabin "Baba saya min".

Da la'asar, idan rana ta yi sanyi, sai gidan zu na Audu Bako, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, aka sa masa sunan gwamnan Kano na farko da ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Ku bar shi a ƙarshe da gangan, shi ne alkawarin da zai sa yara su yi haƙuri da tarihi tun safe. Fili ne babba mai bishiyoyi, ana iya shimfiɗa tabarma manya su huta. A hana yara miƙa hannu ko jefa wa dabbobi abinci. Kuma a nan ne aka fi ɓatan yara, musamman ranakun biki, saboda haka tun daga gida a rubuta lambar wayar babba a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a kuma nuna musu bakin ƙofa a ce duk wanda bai ga kowa ba ya tsaya nan. Katafaren kantin Ado Bayero da aka buɗe a 2014 yana kan titin, idan yara sun matsa a leƙa a sha askirim, amma a shiga da sanin cewa wurin kashe kuɗi ne. Masu manyan yara 'yan sakandare kuma za su iya musanya zu da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909.

Ƙarfe biyar ta yi muku a hanyar fita. Kada ku yarda magariba ta same ku a Hotoro, don cunkoson masu tashi daga aiki da manyan motocin hanyar Maiduguri ba abin wasa ba ne, kuma tuƙin dare da yara masu barci ba daɗi. A hanya a tsaya wurin mai tsire ko balangu a sa ya gasa sabo a gabanku, a ƙunshe da gurasa, a ci a gida da waɗanda ba su samu zuwa ba. Tsarabar maƙwabtan da aka ƙi karɓar saƙonsu ma daga nan za ta fito. Alkaki ko ƙullin kilishi yana wanke laifi.

Mu dai mun hayo gada ana kiran isha'i, yara uku sun yi barci, na huɗun yana ta ba Hajiya labarin dutsen da ta ƙi hawa, tana cewa ai ita ma ta gan shi daga ƙasa. Yanzu rigimar da ake yi a gidan ita ce wai sai an kai su Abuja sun ga Dutsen Zuma na jikin naira ɗari. Yaya ya ce a bari ya farfaɗo tukuna.

Nan za mu dakata a yau. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga kasuwar shanun nan tamu ta Juma'a mu ji yadda dillalai suke ƙulla ciniki. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.